Ko Kun Sani? Yanke Maganin Farfaɗiya Kwatsam Haɗari Ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba, in aka ɗora su kan maganin da ya dace. Sharaɗin shi ne a sha kullum, a kan lokaci, ko da an yi wata da watanni lafiya lau. Fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal, danne ciwon yake yi muddin yana cikin jini. Wanda ya yanke shi kwatsam na iya shiga jijjiga a jere ba ƙaƙƙautawa, wadda in ta wuce minti 5 sai a garzaya asibiti.

Za a ce maganin na sa barci da kasala, kuma daga ƙauyukan Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji zuwa cibiyar lafiya ta CSI tafiya ce, balle da damina. Gaskiya ne. Amma kasalar takan ragu bayan makonnin farko, kuma ma'aikacin lafiya na iya mayar da shan zuwa dare. Batun nisa kuwa, a karɓo sabo tun na hannu bai ƙare ba, kada a cike giɓin da ƙwayar masu talla a kasuwa, wadda rana ta gasa. Rage magani aikin likita ne, sannu a hankali, galibi bayan shekara 2 ba faɗuwa. Mace mai shirin haihuwa ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, musamman in Dépakine take sha, domin yana iya lahanta jariri.