Shirun da Ya Ruɗi Likitocin Ingila

Mai karatu, a ce ɗanka mai shekara biyu ba shi da lafiya, ka kai shi asibiti, aka karɓe shi daga hannunka aka ce ka koma gida, sai ranar Lahadi za ka gan shi, shi ma na awa ɗaya ko biyu. Me za ka yi? Haka dokar asibitoci da dama take a Ingila wajen 1950, kuma iyaye suna bi ba gardama.

Hujjar likitoci ita ce ziyara tana tayar wa yara hankali. Yaro zai yi ta kuka kwana biyu ko uku, daga nan ya yi tsit a gado. Sai nas-nas su ce, "Ya saba." Uwa na zuwa kuma kukan ya dawo sabo. To, ba gara a hana ta zuwa ba?

Mutum ɗaya ya ƙi yarda da wannan shirun. Sunansa James Robertson, ɗan Sikotilan, kuma ba likita ba ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙi ɗaukar bindiga, ya kama aikin hura tukunyar ɗumama ɗaki a gidan renon yara na Anna Freud a Landan. A can ya koyi zura wa yara ido. A 1948 ya fara aiki da Dakta John Bowlby, aka tura shi ɗakunan jinyar yara. Abin da ya gani ya hana shi sukuni.

Ya lura yaron da aka raba da uwarsa yakan bi matakai uku. Da fari ya yi bore, yana kuka yana kallon ƙofa. Daga nan ya fid da rai, ya kwanta shiru. In rabuwar ta yi tsawo, sai ya cire uwar daga ransa, ta zo ya kalle ta kamar baƙuwa. Ashe abin da ake kira sabo, baƙin ciki ne ya ci ƙarfin kuka.

Ya faɗa, ba wanda ya saurare shi. Da kai ne, mai karatu, za ka ja da manyan likitoci? Shi dai ya nemo kyamara, alhali bai taɓa ɗaukar fim ba. Ya bi wata yarinya 'yar shekara biyu da wata biyar da aka kwantar kwana 8 don aikin cibiya. Kullum a lokaci guda yake ɗauka, da agogo a cikin hoton, don kada a ce ya tsinci lokacin kukanta ne kawai. Ga ta nan rungume da bargonta tana neman uwarta, sannu a hankali fuskar ta daina walwala. Uwar ta zo, yarinya ta kau da kai.

A Nuwamba 1952 aka nuna wa taron likitoci fim ɗin a Landan. Ka zaci za su gode masa? Ina! Ca suka yi masa, wai ya ɓata musu suna. Cikin waɗanda suka fita a fusace har da likitan yara Dermod MacCarthy. Amma babbar nas ɗin da ke aiki da shi ta gaya masa gaskiya ce aka nuna. Ya koma ɗakin jinyarsa ya duba yaran da kyau, sai ya ga abin da ya daɗe yana wucewa ta gabansa. Ya buɗe wa iyaye mata ƙofa, suka riƙa kwana da 'ya'yansu a asibitin Amersham. A nan Robertson ya ɗauki fim na biyu, wanda ya fito a 1958.

A 1959 kwamitin gwamnati ƙarƙashin Sir Harry Platt ya ba da shawarar a bar iyaye su ziyarci 'ya'yansu kowane lokaci, a kuma kwantar da uwa tare da ƙaramin yaronta.

Mu a nan uwa ce mai jinya tun fil azal, wannan kam mun riga su. Amma mai karatu, ka tuna yaron da aka kai yaye gidan kaka, ko wanda saki ya raba da uwarsa dare ɗaya. In ya yi shiru, kada ka yi saurin cewa ya saba. Ka ɗauke shi, ka rarrashe shi, in da hali ka kai shi ya ga uwarsa.