Faransa: kanal ɗin da aka haƙa don jigilar kaya ya koma wurin hutu

Masu saurare, idan aka ce kanal, mu a nan abin da muka sani shi ne hanyar ruwan ban gona, irin ta Jiratawa ko ta Ƙonni. To a kudancin Faransa akwai wanda jiragen ruwa ke bi. Sunansa Canal du Midi, tsawonsa kilomita 240, daga Tuluz har bakin tekun Bahar Rum kusa da garin Set.

Wani mai karɓar harajin gishiri, Piyer-Pol Rike, shi ya fara haƙa shi a 1666, zamanin sarki Luwi na 14, don kaya su ratsa ƙasar ba sai an kewaye Sipaniya ba. An buɗe shi a 1681, shi kuwa ya rasu a 1680, bai ga kammaluwarsa ba.

Ta yaya jirgi ke hawan tudu? Ku ɗauka ɗaki ne na ruwa mai ƙofa biyu. Jirgi ya shiga, a rufe ta baya, a sako ruwa daga sama, ɗakin ya cika, jirgin ya ɗago, sai a buɗe ta gaba. Irin wannan ɗaki akwai fiye da 60 a hanyar. Ruwan kansa daga tsaunuka ake tattaro shi cikin tafki, a kai shi wuri mafi tudu, ya rabu gabas da yamma. Wallahi wannan dabarar ta fi burge ni a kan komai.

Jirgin ƙasa da manyan motoci sun ƙwace jigilar tuni. Yanzu iyali ne ke hayar jirgi mai ɗakin kwana da wurin girki, su yi sati suna tafiya sannu. Ba a neman permi ga jirgin haya, amma an hana wuce kilomita 8 a awa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Sai dai inuwar da ake zuwa dominta tana ƙarewa. A da akwai itatuwa iri ɗaya kusan 42,000 a gefensa, wata cuta ta shige su tun 2006, ba ta da magani, an sare fiye da rabi ana dasa wasu iri. Cutar na bin ruwa da raunin saiwa, shi ya sa aka hana ɗaure jirgi a jikin itace. Ƴan uwa na Tuluz masu shirin zuwa da yara lokacin hutu, a kiyaye wannan.