Bayan gashin kansa, kada wanzami ya taɓa haƙori

Ƴan uwana mata, wata ƴar asusunmu ta dawo daga Yamai, inda aka yi mata gashin kansar baki. Tun 2021 ake wannan gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa. Ciwo ya lafa, alhamdu lillahi, amma haƙoranta sun zube, daga kunu sai fura. Take tambayata ko ana dasa wasu.

Ana dasawa. Ƙaramar ƙusa ta ƙarfe ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗora haƙori bisa. To amma gashi na rage jinin da ke ciyar da ƙashin. In an huda shi, ko an cire haƙori, miki na iya ƙin warkewa har ƙashi ya mutu. Shi ya sa likita ke jira watanni, ya ɗauki hoto, wani sa'in ya ce haƙoran roba sun fi.

Namu shi ne: a ga likitan haƙori tun kafin gashi. Bayan gashi kuwa, ko a kasuwar Magaria ko ta Dungas, kada wanzami ya cire mata haƙori. Kuɗin mota zuwa asibitin Damagaram, mu fiddo daga asusun taimako. Don irin wannan rana muke zubi.