Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido: Allurar Goge Tamoji A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun zamanin fataken goro da ke ƙetare Kwara a Illo su nufi Gwanja, ƙasar Bagudo take kan hanyar kaya. Har yau haka abin yake. Daga Tsamiya a shiga Segbana, daga Lolo a nufi Malanbil, kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna hawowa arewacin Jamhuriyar Benin su gangaro kasuwanninmu: atamfa da turare da man shafawa da magunguna. Abin da bai iso ta mota ba kuwa, yana isowa ta wayar hannu. Daga cikin tallace-tallacen da matan aure da ɗalibai mata ke cin karo da su a TikTok da Instagram akwai na wata allura da ake cewa tana goge tamoji, wato tattarewar fatar goshi da gefen ido, ta mayar da tsohuwa yarinya. Sunanta Botox. Kafin wata 'yar'uwa ta miƙa fuskarta, ya kamata gida ya san mece ce ita, nawa take ci, kuma me malamai suka ce a kanta.

Mece ce wannan allura?

Botox sunan kasuwa ne. Abin da ke cikin kwalbar dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, kuma masana na lissafa shi cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya gano ƙwayar a 1895 bayan wasu mutane sun ci gurɓataccen nama sun mutu. Aikin dafin shi ne tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta saki, ta daina motsi.

Wannan sakin shi likitoci suka mayar magani. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, ya riƙa zuba ɗan mitsitsin dafin a tsokar idon masu harara-garke domin idon ya daidaita. A 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan lalura da kuma ƙiftawar ido da mutum ba ya iya tsayarwa. Sai a 2002 aka amince da shi don tamojin da ke tsakanin gira, a 2010 kuma don ciwon ɓarin kai mai naci. Ana amfani da shi ga masu yawan gumin hammata, da waɗanda gaɓa ta ƙage musu bayan shanyewar ɓarin jiki. Ke nan da magani ya fara, kwalliya daga baya ta biyo.

A fuska, ana tsira ƙaramar allura a tsokokin da ke ɗaure goshi. Bayan 'yan kwanaki fata ta fara kwanciya, a mako biyu aikin ya kammala. Amma ba ta cike kumatun da suka zube, ba ta ɗage fatar da ta saki, ba ta kuma sauya launi. Bayan wata uku zuwa huɗu jijiya ta farfaɗo, tamoji ya dawo inda yake. Ƙuruciyar aro ce, mai ita kuwa yana dawowa ya karɓi abinsa.

Nawa take ci?

Ana sayar da ita da wani awo da ake kira yunit. Kwalba kan zo da yunit 50 ko 100. Tsakanin gira kaɗai yana cin yunit 20, gefen idanu biyu yunit 24, goshi kuma wasu 20. A Amurka kuɗin yunit ɗaya yakan kama daga dala 10 zuwa 20. Da yake daga waje ake shigo da ita, kuɗinta a Najeriya dala yake bi.

Mu yi lissafi da mafi sauƙin farashi. Yunit 20 a dala 10 ya kama dala 200. A canjin da ya kusa naira 1,500 a shekarar 2025, wannan naira 300,000 ke nan, a wuri guda na fuska. A maimaita sau uku a shekara, an kashe naira 900,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Jihar Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne, wanda a wata goma sha biyu shi ma naira 900,000 yake tashi. Wato guminsa na shekara cur, ƙaramin ma'aikaci, shi ne kuɗin kwantar da layi biyu a tsakanin gira. Wanda ya karanta gargaɗin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, a kan almubazzaranci, ya kuma dubi maƙwabcin da ruwan Kwara ya cinye wa gonar shinkafa, zai san akwai abin tambayar kai a nan.

Me malamai suka ce?

Musulunci bai hana ado ba. Lalle da kwalli da turare da kitso duk ababen da aka sani ne a gidajen Musulmi. Inda maganar take shi ne iyakar da ke tsakanin ado da sauya halitta. Suratun Nisa'i, aya ta 119, ta lissafa sauya halittar Allah cikin abin da Shaiɗan ke umartar mabiyansa da shi. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Buhari da Muslim suka ruwaito ya tsananta a kan masu zane a fata da masu tsige gira da masu yin wushiryar ƙarya don neman kyau. A ɗaya gefen kuma, Annabi (SAW) ya yi wa sahabi Arfaja ɗan As'ad izini ya sa hancin zinare bayan an yanke masa nasa a yaƙi. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: kawar da aibi ko cuta ya halatta, ƙarin kyau ta hanyar taɓa halittar da take lafiya lau kuwa shi ne abin tsoro.

A kan wannan allura, fatawoyin zamani sun rabu. A 2006 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta haramta ta don kwalliya, saboda shakkar abin da ake haɗa ta da shi da kuma cutarwarta, ta bar ƙofa ga lalurar magani. A 2007 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya, ta yanke a ƙuduri mai lamba 173 cewa ba a goge tamoji da tiyata ko allura sai idan ya zama cuta, kuma an aminta daga cutarwa. A 2020 majalisar malaman Indonesiya ta halatta da sharuɗɗa: kada manufar ta saɓa wa shari'a, sinadarin ya zama halal mai tsarki, a tabbatar ba ya cutarwa, kuma ƙwararre ne zai yi. Masu sassautawa suna kafa hujja da cewa aikinta ba ya dawwama. Masu hanawa suna cewa tsufa ba cuta ba ne balle a nema masa magani, suna tunatarwa da hadisin Usama ɗan Sharik da ya nuna kowace cuta tana da magani in ban da tsufa.

Duk da saɓanin, akwai inda bakinsu ya zo ɗaya. Mai lalura ta gaskiya, kamar karkacewar ido ko ƙagewar tsoka, babu laifi a kansa. Yin ta don a ɓoye wa mai neman aure shekaru algus ne. Duk abin da cutarwarsa ta rinjaya kuma haramun ne, ko da asalinsa halal ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar mu.

Inda hatsarin yake

Ko a hannun likita, allurar kan sa fatar ido ta faɗo ko gira ta karkace na tsawon makonni. Tun 2009 hukumomin Amurka suka wajabta a rubuta gargaɗi a jikin kwalin cewa dafin na iya yaɗuwa ya taɓa haɗiya da numfashi. Ba a son yi wa mai ciki ko mai shayarwa ko mai ciwon raunin tsoka. A Ingila, tun 2021 doka ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba don kwalliya.

A hannun wanda ba likita ba kuwa, ko da jabun kaya, sai abin da hali ya yi. A 2024 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 22 a jihohi 11 da suka jikkata bayan an yi musu allurar jabu ko an yi musu a wuraren da ba na asibiti ba, aka kwantar da rabinsu. In haka ta faru a can, ina ga nan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. A shekarar ce kuma gwamnatin Benin ta kai samame kasuwar magunguna ta Adjégounlè a Kwatano ta kwashe tarin kaya.

Sannan ga zafi. Ana ajiye Botox a sanyin digiri 2 zuwa 8, in an dama ta da ruwan allura kuma a yi amfani da ita cikin awa 24. Kowa ya san bazarar Kebbi, inda zafi ke haura digiri 40, ya kuma san halin wutar lantarki. Kwalbar da ta kwana a jakar ɗan kasuwa ta biyo bayan babur, ko ta gaske ce ba a san abin da ya rage a cikinta ba. In kuwa dafin ya yi yawa numfashi ya tsaya, sai na'urar taimakon numfashi, wadda sai an yi tafiyar sa'o'i zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Sakkwato. Saboda haka duk wadda ta ce za ta zo har ɗaki ta yi miki a kuɗin turmin atamfa, arahar ita ce shaidar hatsarin. Araha ba ta ado.

Mun riga mun ga irin wannan da man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen sauya launi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga cikin mayukan nan suna sirantar da fata su tsofar da ita, alhali baƙar fata, saboda kariyar da Allah Ya sa mata daga rana, ta fi farar fata jinkirin tattarewa. Sai mutum ya sayi tsufa da kuɗinsa, ya dawo yana neman allurar korarsa.

Abin da gida zai riƙe

Mai lalura ya je asibiti, likita mai rajista ya duba shi, ya ga kwalbar a rufe da lambar NAFDAC kafin a fasa. Wadda aka riga aka yi wa, in ta fara gani biyu-biyu, ko haɗiya ta yi mata wuya, ko murya ta dushe, ko numfashi ya yi nauyi, a garzaya da ita asibiti ko da tsakar dare ne, kada kunya ta sa a ɓoye wa likita abin da aka yi.

Maza kuma su ji tsoron Allah. Sau da yawa ba madubi ne ke tura mace ga allura ba, gorin miji ne da barazanar kishiya. Goshin da ya tattare a kan murhu da rainon 'ya'yanka ya cancanci godiya. Suratur Rum, aya ta 54, ta jera mana matakan rayuwa: rauni, sai ƙarfi, sai rauni da furfura. Babu wanda aka ɗauke wa wannan tafiya, kuma wanda ya kai ƙarshenta cikin imani ya rabauta.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci, Ya sa mu tsufa cikin mutunci.