Kubbar Florence: Ginin da ya sauya fasahar gine-gine a Turai

A shekarar 1418 mahukuntan birnin Florence na ƙasar Italiya sun shiga tsaka mai wuya. Babbar majami'ar da aka aza harsashinta tun 1296 ta kusa kammala, amma tsakiyarta na nan a buɗe, domin an rasa wanda ya san yadda za a rufe fili mai faɗin kusan mita 45 da kubba.

A al'adar magina ta wancan lokaci, akan kafa katakon tokara a ɗora gini a kansa har sai ya bushe. Sai dai kuma faɗin wurin da tsayinsa sun fi ƙarfin wannan dabara.

Maƙerin zinariya

Da aka shirya gasa, sai Filippo Brunelleschi, wanda asalin sana'arsa ƙirar zinariya ce, ya ce zai gina kubbar ba tare da tokara ba. Kafin nan ya yi nazarin kufan gine-ginen tsohuwar daular Rum.

Ya tsara kubba biyu, ɗaya cikin ɗaya: ta ciki mai kauri, ta waje marar nauyi. Ya sa aka jera gasasshen tubali a sigar ƙayar kifi, ta yadda kowane zagaye ke riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Ya kuma ɗaure ginin da sarƙoƙin dutse don kada nauyi ya buɗa shi.

Haka kuma ya ƙera na'urar ɗaga kaya wadda shanu ke juyawa, tana hawa da sauka ba tare da an juya akalar shanun ba.

An fara aikin a 1420, aka kammala a 1436, bayan an yi amfani da tubali fiye da miliyan 4. Har yanzu babu kubbar tubali da ta kai ta girma a duniya.

Wasu masana na kwatanta ta da kubbar Sultaniyya ta ƙasar Iran, wadda aka gina fiye da shekara 100 kafin ta, ita ma mai ruɓi biyu.

Sabon salo

Masana tarihi na ɗaukar ayyukan Brunelleschi a matsayin mafarin gine-ginen zamanin farfaɗowar ilmi da fasaha a Turai, inda lissafi da daidaiton tsayi da faɗi suka zama ginshiƙin zane. Daga nan ne mai zanen gini ya fara samun matsayi na daban da na magini.

Leon Battista Alberti ya tsara waɗannan ƙa'idoji a littafinsa da aka buga a 1485, kuma Michelangelo ya yi nazarin kubbar Florence lokacin da yake zana ta majami'ar Saint Peter a birnin Rum, wadda aka kammala a 1590.

Brunelleschi ya rasu a 1446, kuma an binne shi a cikin majami'ar da ya rufe.