Dokin Sukuwa da Sukuwar Doki

Daga Madawa zuwa iyakar Nijeriya babu nisa. Wanda ya bi hanyar Bangi, kafin ya ankara ya shiga ƙasar Sabon Birni, cikin jihar Sakkwato. Mutanen can Hausawa ne kamarmu. Amma a shekarar 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Faransawa kuwa suka riƙe wannan gefe. Shi ya sa yaran can suke koyon Ingilishi a makaranta, mu kuma Faransanci. A shekarar 2025 dokar ƙasarmu ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki ne. Ke nan Ingilishi ya zama abin da ya shafe mu, ko ba mu tsallaka iyaka ba.

Yara, kowane harshe yana da yadda yake jera kalmominsa, kamar yadda ake jera sahu a masallaci. Wanda ya haddace kalmomi bai san jerinsu ba, zai yi magana a ji wata daban.

Mu fara da mai sauƙi. Muna cewa: "Musa ya biya Sani." Da Ingilishi sai a ce: "Musa paid Sani." Mai aiki ne a gaba, sai aikin, sai wanda aikin ya faɗa wa. Jerin ɗaya ne da namu, ɗaya ne kuma da na Faransanci. Idan aka juya aka ce "Sani paid Musa", an sāke wanda kuɗi suka fita daga aljihunsa. Ɗan kasuwar da ya kai albasa Sakkwato ya san wannan ba wasa ba ne. Waɗanda suka fara nahawun Larabci a cikinku sun san can wasalin ƙarshen suna ne yake nuna mai aiki: Zaidun daban, Zaidan daban. Shekaru dubu da suka wuce Ingilishi ma yana da irin waɗannan alamomi a ƙarshen sunaye. Yawancinsu sun zube, sai mazaunin kalma ya ɗauki aikinsu.

Abu ɗaya za ku kiyaye a nan. Bahaushe ba ya cewa "Musa biya Sani". Dole ya sa "ya" ko "ta" bayan suna. Ingilishi ba ya so. In an ambaci Musa, an gama. Mai cewa "Musa he paid" Hausa yake yi da kalmomin Ingilishi.

To, yanzu ga inda ake tuntuɓe sosai. Ku dubi waɗannan biyu: dokin sukuwa, da sukuwar doki. Kalmomin ɗaya ne, amma na farko dabba ce da za a iya ɗaure wa a turke, na biyu kuwa wasa ne da ake zuwa kallo. Yaya muka gane? Don a Hausa kalmar farko ita ce ainihin abin da ake magana a kai. Ta biyu ƙarin bayani ce. Tsakaninsu akwai ɗan harafi mai haɗa su: "n" ga namiji da jam'i, "r" ga mace. Faransanci ma haka yake tafiya: "cheval de course" doki ne, "course de chevaux" sukuwa ce.

Ingilishi ya juya abin baibai. "Horse" doki ne, "race" sukuwa ce. Amma "horse race" sukuwar doki ce, "race horse" kuma shi ne dokin sukuwa. Ainihin abu yana ƙarshe, kuma babu harafin haɗi. Faransancin da kuka koya ba zai taimake ku a nan ba, sai ma ya ƙara tura ku ga kuskure, tun da bakinsa ɗaya da Hausa. Dabarar ita ce ku fassara daga baya zuwa gaba. "Market day": ku fara da "day", rana, sannan "market", kasuwa. Ranar kasuwa ke nan. "Onion market" kasuwar albasa ce. "Well water" ruwan rijiya ne. Ko kalma uku aka jera, dabarar ba ta sākewa: "Buza market day", ranar kasuwar Buza. Haka kuma mallaka: mu ce "gonar Musa", su ce "Musa's farm", mai abu a gaba, abinsa a baya.

Abin dariya, mun daɗe muna furta wannan jeri ba mu sani ba. Lasifikar da ladan yake kiran salla da ita, asalinta kalma biyu ce: "loud", mai ƙara, da "speaker", mai magana. Fanken da kuke saya da safe daga "pan", kasko, da "cake", waina, ya fito. Wainar kasko ke nan. Hausa ta haɗiye su ɗungurum, ta mai da kowace kalma guda, har ta ba lasifika jam'i irin nata.

Siffa ma tana zama gaban suna. A nan Hausa ta fi sakewa: muna iya cewa farin rago, ko rago fari. Ingilishi hanya ɗaya ya sani, "white ram". Amma ya rama mana da wani sauƙi. Mu ce farin rago, farar akuya, fararen tumaki. Bafaranshe ya ce "blanc", "blanche", "blancs". Ingilishi kuwa "white" kurum, ko namiji, ko mace, ko garke guda. A ganina wannan ne wuri ɗaya da ɗalibi zai numfasa.

Sai ƙidaya. Mu ce "buhu uku": suna a gaba, adadi a baya, kuma ba mu damu da cewa "buhuna" ba, tun da "uku" ta riga ta faɗi yawan. Ingilishi ya ce "three bags": adadi a gaba, kuma dole suna ya ɗauki "s" na jam'i. "Three bag" kuskure ne, ko da yake za a gane ku a tasha.

In kun haɗa duka, ga yadda abin yake. Mu ce: fararen raguna uku na Sani. Su ce: "Sani's three white rams". Ku lura, ragunan da ake magana a kansu su ne suka zo ƙarshe, bayan mai su, da yawansu, da launinsu.

Yanzu ku ɗauki alli. Saniya "cow" ce, nono "milk" ne. Ku rubuta "cow milk" da "milk cow" a allo, kowa ya faɗa wa na kusa da shi wanne ake sha, wanne ake kai wa kiwo.