Shekara Tara Kafin Amurka Ta Kafa Dokar Fataucin Bindigogi

A ƙasar Amurka, duk wanda zai sayi bindiga a kantin da ke da lasin sai ya cika takarda, a kuma binciki halinsa, domin doka ta hana wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi mallakar makami. To, amma miyagu sun daɗe da gano hanyar kewaye wannan shinge. Sai su nemi mutumin da ba shi da tabo, su ba shi kuɗi, ya shiga kanti ya yi sojan gona, ya saya da sunansa, ya fito ya miƙa musu. Ta haka ake kwasar bindigogi daga jihohin kudu masu sassaucin doka, irin su Jojiya da Bajiniya, ana kai su birnin New York, wasu kuma a tsallaka da su Meziko.

Abin mamaki, shekara da shekaru babu wata dokar tarayya da ta ambaci wannan fatauci da sunansa. In an kama ɗan aiken, yawanci laifin ƙarya a takarda kawai ake tuhumarsa da shi. Hausawa dai sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ranar da ta girgiza ƙasar ita ce 14 ga Disamba, 2012, lokacin da wani saurayi ya harbe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook. Bayan wannan ne Sanata Patrick Leahy da Sanata Susan Collins suka kawo shirin doka don mai da fataucin bindiga laifi mai zaman kansa. Da aka jefa ƙuri'a a Majalisar Dattijai cikin Afrilu, 2013, mutum 58 suka goyi baya, 42 suka ƙi. Ana bukatar 60. Rashin ƙuri'a biyu ya kashe shirin, masu adawa kuwa suna cewa kada a taɓa 'yancin riƙe makami da tsarin mulki ya bayar.

Haka aka zauna har Mayu, 2022, sa'ad da aka kashe yara 19 da malamai 2 a garin Uvalde na Jihar Texas. A wannan karon dattijai 65 suka amince, Shugaba Joe Biden ya sa hannu ran 25 ga Yuni. Yanzu mai sayen sojan gona da mai fataucin duka suna iya shan ɗaurin shekara 15.

Dokar ba ta hana sayar da bindiga ba, ba ta kuma karɓe waɗanda ke hannun jama'a ba. Abin da ta yi shi ne, ta ba masu gabatar da ƙara damar bin sawun makami daga hannun wanda ya harba har zuwa hannun wanda ya sayo masa.